Dara a Cikin Emacs

Wani malamin lissafi ɗan Rogo da ke koyarwa a Ƙaraye ya saba shirya tambayoyin jarrabawa da Emacs, manhajar rubutu ta shirin GNU wadda Richard Stallman ya fitar a 1985. Wani dare da idanunsa suka gaji, ya danna M-x ya rubuta gomoku. Shafin ya koma fagen wasa: shi da kwamfuta, kowa na neman jera biyar a layi guda. Sai ya tuna dara, mai gurbi talatin a ƙasa, inda jera uku ke cin ɗan abokin karawa.

Akwai tetris da snake ma a ciki, amma tunaninsa ya koma kan ɗalibansa. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB, alhali wasunsu hannunsu na rawa in sun zauna gabanta.

Washegari ya kai tasa aji, ya ce a zo a kara da ita a dara. Yarinyar da ta fi kowa noƙewa ta sha kaye sau uku, ta ƙi tashi. Tana neman ramuwa, yatsunta suka san maɓallan.