Kaka a Cikin Bokiti

Sanin kowa ne cewa Bahaushe ya kasa shekararsa gida huɗu, wato bazara da damina da kaka da kuma rani, wanda hunturu ke buɗe masa ƙofa. A cikin huɗun nan kuwa babu wadda ta kai kaka farin jini, domin ita ce lokacin da gumin manomi ke komawa dami, dami kuma ya koma rumbu. A lokacin ne mai bashi ke biya, mai neman aure ya kai kaya, 'yan dambe da 'yan kokawa su shiga bin garuruwa, makaɗa da maroƙa na biye da su. Har yaron da aka haifa a wannan tsakani akan yi masa laƙabi da Citumu ko Ciwake, don kada a manta da abin da ake ci sa'ad da ya zo duniya. To amma duk wannan a ƙasar Hausa ne. Mu da neman abinci ya kawo Badun, yau shekara tara ke nan, sai dai mu ji labarin kaka a bakin 'yan'uwa ta waya, ko mu gan ta a kasuwar Bodija ranar da manyan motoci suka fara sauke sabon wake da sabon gero.

Ba wai ƙasar Yarbawa ba ta da lokacin girbi ba ne. Tana da shi, sai dai tsarinsa daban ne da namu. A nan ruwa kan sauka tun watan Maris ko Afrilu, ya ɗan tsagaita a Agusta, sa'an nan ya dawo da ƙarfinsa har ƙarshen Oktoba, lokacin da a Kano an riga an manta da laima. Sabuwar doya takan fito tun damina na tsaka, koko da goro kuwa sai daga Oktoba zuwa gaba ake tsinkarsu gadan-gadan. Goron nan ma, tare da shanu, shi ne ya tara kakanninmu a unguwar Sabo, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916. Abin da babu shi ne sauran kayan kaka waɗanda ba a sayarwa a kasuwa: ciyawar da ta fara ja, da sanyin asuba mai ƙanshin harawa, da amon taɓare a masussuka, da ƙaiƙayin da ke bin wuyan yara har su kasa barci.

Wannan rashi bai taɓa damunmu ƙwarai ba sai da Allah ya ba mu haihuwa, yarinyar kuma ta fara buɗe baki. 'Yar fari ce, ga shi kuma ta ci sunan mahaifiyar ubanta, saboda haka kunya biyu ta hana mu kama sunanta, Ummi muke ce mata. Bana shekararta biyu da wata huɗu, an yaye ta, ta wuce tatata ta shiga ƙiriniya sosai, gwarancinta kuma da harshe uku take yin sa. Hausa a ɗaka, Yarbanci a tsakar gida wurin 'ya'yan maƙwabta, Turanci kuma abin da ta tsinta a talabijin. Idan ta ga gyaɗa a farantin mai talla, "epa" take cewa, yadda Yarbawa ke kiranta, mu gyara mata ta dube mu kamar mu ne ba mu iya ba.

Wata safiya a farkon Oktoba, bayan an gama waya da gida, uban ya ce wa uwar, "Kin ji, a can kaka ta zo, har sun fara yankan gero." Ummi na zaune tana fama da kokonta, sai ta ajiye kofi, ta miƙe da gudu ta nufi ƙofa tana kiran "Kaka! Kaka!" Ta ja labule, ta leƙa bayan ƙyaure, ta fita har bakin zaure. Da ba ta ga kowa ba ta dawo ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Ita kaka ɗaya ta sani a duniya, wato tsohuwar nan mai carbi da ke yi mata dariya a fuskar waya, kuma an ce ta zo. Mun yi dariya har da hawaye, amma da dariyar ta lafa sai muka yi shiru.

Dalilin shirun shi ne, mun san kalma ba ta zama a bakin yaro sai ta sami abin da za ta jingina da shi. Wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai tarar da kalmomin noma da girbi birjik, kowace da aikinta: girbi daban, yanka daban, roro daban, kala kuma aikin yara ne da tsofaffi bayan mai gona ya kwashe nasa. Akwai zangarniya, akwai sussuka da shiƙa da bakace da surfe. Mu ba a aji muka koye su ba, a jikinmu muka koye su, domin wanda ƙaiƙayi ya taɓa shiga rigarsa ba ya bukatar a fassara masa. Yaron da ya tashi yana ganin gero a leda kuwa, ko da ya haddace kalmomin, za su zauna masa ne kamar sunayen garuruwan da bai taɓa zuwa ba. Ranar da aka ce masa wani ya yi shuka a idon makwarwa, sai a fara da yi masa bayanin shuka, a koma kan makwarwa, kafin a kai ga ma'ana daɗin maganar ya tsere.

Abin da ya ɗan sanyaya mana rai shi ne, a bayan ɗakinmu akwai gona, idan mai karatu zai yarda a kira bokitin fenti bakwai da buhun siminti huɗu gona. Uban ne ya fara ta tun kafin a haifi Ummi, don ɗebe kewa bayan tashi daga aiki, da izinin Baba mai gidan, wanda sharaɗinsa ɗaya ne, kada a tara masa ruwan da zai haifi sauro. An huda gindin kowane bokiti, an cika shi da ƙasa da yashi da kashin kaji. Irin kuwa daga gida ya zo, a ƙulle cikin tsumma, ta hannun wani direba da ke kawo albasa kasuwar Shasha. Mukan shuka ne a tsakiyar Agusta, sa'ad da ruwa ya tsagaita, don amfanin ya nuna daidai ɗaukewar damina. Bana mun sa gyaɗa a buhuna huɗu, kuɓewa a bokiti uku, yakuwa a biyu, gero a biyu.

Ummi ta naɗa kanta sarkin noma tun ranar farko. Aikinta ban ruwa ne da kofin roba, kuma ba ruwanta da ko an kwana ana tsuga ruwan sama. Takan tona irin da aka binne ta duba ko yana nan, ta mayar, gobe ta sake tonawa. Furen kuɓewa, mai ruwan ɗorawa da jan ciki, ba ya kwana idan hannunta ya kai gare shi, saboda haka sai da aka ɗora bokitan a kan bulo. Duk da haka a wurin ne muka fara jin ta tana cewa "tsiro", daga baya "fure", ba tare da kowa ya zaunar da ita ya ce maimaita ba.

Gyaɗa ita ce ta fi ba ta mamaki, mu ma kuma ba mu daina mamakinta ba. Shuka ce mai yin fure a sarari ta haihu a ɓoye. Idan ƙaramin furenta ya bushe, sai wani siririn tsinke ya fito daga gurbinsa ya sunkuya ƙasa, ya huda ta ya shige, a can cikin duhu ne bakinsa zai kumbura ya zama kwanso. Shi ya sa take son ƙasa mai yashi, irin jigawar Kano da Katsina, shi ya sa kuma buhu mai faɗi ya fi mata bokiti. Tana ɗaukar wata uku zuwa huɗu. A ƙarshen Nuwamba, da ganyen ya fara rawaya, muka kama hannun Ummi muka ɗora a gindin shuka ɗaya, muka ja tare. Ƙasa ta buɗe, sai ga 'ya'ya na reto a jikin saiwa. Ta saki ta ja da baya, ta dubi ramin, ta dube mu, sa'an nan ta tsuguna ta shiga tona da hannu biyu tana neman saura. Uwar ta ce, "Ka ga, kala take yi." Mu kuwa da muke tsaye a kanta sai muka tuna cewa tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, gyaɗar da aka riƙa tarawa dala-dala a can ta wannan gari take ratsawa a kan hanyarta ta zuwa Ikko, kafin cutar da ta auka mata a 1975 ta karya cinikin. Ga shi yau jikanyar manoman tana haƙar tata a buhun siminti, ba nisa da layin dogon.

Gero bai saba da Kurmi ba, kuma bai ɓoye ba. Ya yi tsawo, ya fid da kai, amma laimar iska ta sa wasu zangarniyoyin suka yi baƙi, tsuntsaye kuma suka yi wa sauran rubdugu, tun da a duk unguwar babu wata gonar geron da za ta raba musu hankali. Dawa ma ba mu kai ga gwada ta ba, domin irin dawarmu ta gargajiya da tsawon yini take aiki, ba ta fid da kai sai rana ta fara gajarta daidai ƙarshen daminar ƙasarta, kuma tana son ta nuna a busasshiyar iska. Zangarniya uku muka tsira da su, waɗanda aka rufa wa tsohuwar safa. Muka gasa su a kurfoti, muka murje a faifai, muka hure. Tumu ke nan. Bai fi cikin tafin hannu ba, amma ƙanshinsa ya fito da Iya maƙwabciyarmu daga ɗaki tana tambayar me ke ƙonewa. An tauna wa Ummi kaɗan an ba ta, ta yamutsa fuska, ta tofar, ta miƙo hannu a ƙara.

Uwar kuma nata abin sha'awar na zaune ne. Da zarar Oktoba ta kama takan ɗauko kwarashi da zaren ulu ta fara saƙa hula da safa, ko da yake hunturun Badun bai fi 'yan makwanni ba, wani lokaci ma sai ya leƙo ya koma. Rabin aikin warware abin da Ummi ta tufka ne, domin ƙwallon zare a wurinta ƙwallo ne kawai. Tana kuma yanka kuɓewa ta shanya a faranti, ta ɓare jan zoɓon da yakuwa ta yi. A nan ne ake gane bambancin ƙasa da ƙasa, don shanyar da za ta bushe ƙayau cikin kwana biyu a gida, a nan sai a yi mako ana shiga da ita ana fita. A kan gyaɗa ba ta sassauci ko kaɗan: duk ƙwayar da ta yi fumfuna zubar da ita take yi, saboda fumfunar gyaɗa da masara na haifar da dafin da ke lalata hanta ya kuma tauye girman yara, har cibiyar binciken noma ta IITA da ke nan garin tun 1967 ta yi shekaru tana aiki a kansa. Haka kuma ba a ba Ummi gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, gudun kada ta shaƙe ta. Sai an soya an daka, ta sha a kunu.

Direban nan na albasa ya ƙara mana da wani alheri, ya ɗauro mana karan dawa guda goma a saman kaya. Da dare bayan sallar isha'i uban kan baje tabarma, ya feƙe ɓawon karan siri-siri, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa, ya shiga haɗa mota irin wadda suke yi suna yara, har da tayoyi da gurbin direba. Hannu ya manta da yawa, motar farko ta fi kama da akurki. Ummi takan jira a gama tsaf, ta tura ta sau biyu, sa'an nan ta zauna a kanta. Tabarau na kara ne kaɗai ya yi kwana uku, shi ma don a fuskar uban yake.

A irin wannan dare ne aka kira gida, aka ba ta wayar. Tsohuwa ta ce, "Ke takwara, an ce kin yi noma. Me kika noma mini?" Ummi ta ruga ta ɗebo kwanso biyu ta manna a fuskar wayar ta ce, "Epa!" Tsohuwa ta ce, "Me? Kai, ku dawo mini da ita kafin ta fara gaishe ni a durƙushe da Yarbanci." Aka yi dariya. Da aka ajiye waya sai muhawara ta tashi tsakaninmu, wadda har yanzu ba ta mutu ba. Uban na ganin lalle baɗi a kai ta gida ta yi kaka guda cur, ta ga rumbu, ta bi yara kala, ta ci fara. Uwar ba ta ƙi ba, amma tana cewa yarinyar nan a Badun aka yanke mata cibiya, Iya ce ta goya ta ranar da zazzaɓi ya kwantar da mu duka biyu, kuma wanda ya san gyaɗa da suna biyu bai yi asarar komai ba. Abin da take tsoro shi ne mu cika wa yarinya kai da kewar wani wuri, har ta tashi tana baƙunta a garin da aka haife ta. Uban kuma tsoronsa kada ta je garin ubanta a yi mata tafinta.

Da aka gama shanya muka auna amfanin bana da kwanon awon da ake kira kongo a nan. Gyaɗa da ɓawonta ba ta kai rabinsa ba, busasshiyar kuɓewa gwangwanin madara biyu, zoɓo kuwa na jiƙo ɗaya. Tsakaninmu da nisabin zakka, wato sa'i 300, akwai tafiya. Duk da haka muka zuba gyaɗa cikin 'yar roba muka ba Ummi ta kai wa Baba mai gida da Iya, ta tafi tana tangaɗi, rabi na zuba a hanya, kaji na bin ta. Muka ware ƙwaya talatin masu kyau muka sa a kwalba da toka, irin baɗi. Sauran kuma an ƙulle a tsumman da irin ya zo a ciki, yana jiran direban albasa, domin tsohuwa ta ce ba ta yarda da noman waya ba sai ta tauna da haƙorinta.