Kai! Ashe Jirgin Faiba Ba Ya Mutuwa!

Jama'a, ku matso ku ji! Na ga abin al'ajabi a Yawuri, da idona, ba labari aka ba ni ba!

Wani tsohon jirgin faiba ne. Tsoho tukuf! Yana yashe a bayan gidan wani abokina Basarke, rana ta cinye fentinsa, cikinsa cike da ƙasa da busasshen ganye, kaji har ƙwai suke sakawa a ciki. Ga wata ɓula a gefe, dunƙulen hannu zai wuce. Wai shi zai tayar ya koma su da shi. Wannan? Wannan ɗin?

Sai ga mai gyara, wani dattijo, da 'yar guduma a hannu. Bayan gaisuwa bai ƙara cewa uffan ba. Ƙwanƙwasa kawai yake yi. Nan ƙal-ƙal, can ƙal-ƙal. Da ya iso gindin jirgin, inda ake ɗaura inji, sai ƙara ta sauya: dum, dum, dum.

Na ce, "Baba, me kake saurare haka?"

Ya ce, "Ɗana, jikin nan lafiyarsa ƙalau. Katakon ciki ne ya mutu."

Katako? A cikin faiba? Ashe bangon baya filawud ne aka lulluɓe ciki da waje don ya ɗauki nauyin inji. Ruwa ya yi ta bi ta ramukan noti shekara da shekaru. Da ya yanke fatar ciki da giranda, sai ga shi baƙi ƙirin, jiƙe sharkaf, ana kwasarsa da hannu. Amma faibar kanta? Ko gezau! Ba ruɓa, ba tsatsa, gara ma ba ta kalle ta ba!

To, ga inda hankalina ya tashi.

Ya warware wani farin ƙyalle. Laushi kamar mayafin mata. Na shafa, na sake shafawa. Ya ce gilashi ne. Gilashi fa! Gilashin da muka sani, an ja shi ya zama zare siriri, ana naɗe shi, ana yanka shi da almakashi!

Ya zuba ruwan gam a roba, mai kauri, mai wari da ke hawa kai nan take. Ya ɗauko sirinji ya auna maganin daskarewa. Ɗan kaɗan! Kashi 1 zuwa 2 cikin 100, wato na lita guda bai wuce cokalin shayi biyu zuwa huɗu ba. Ya gauraya, ya shimfiɗa ƙyallen a kan ɓular da ya riga ya goge bakinta ya yi mata gangare, ya bi da burushi.

Kai! Kai! Farin ƙyallen nan sai ya ɓace! Yana shan gam yana komawa garau, ana hango abin da ke ƙarƙashinsa. Ya ɗora wani, ya danne, ya kori kumfar iska. Ya ɗora wani mafi faɗi. Ya ce in taɓa robar da ragowar gam ke ciki. Zafi! Ba wuta, ba rana, ita kaɗai ta ɗau zafi! Kafin mu gama karyawa wurin ya sandare. Washegari na buga da guduma. Ƙal! Dutse!

Saurin daskarewar nan ne ya sa da sassafe yake aikin. Zafin Yawuri kan sa gam ya daskare tun burushi na hannu. Ƙurar giranda kuwa, wayyo ƙaiƙayi! Sai da takunkumi, da tabarau, da riga mai dogon hannu.

Wai tun 1942 wani Ba'amurke, Ray Greene, ya ƙera jirgi da wannan haɗi, ni kuwa sai yanzu nake gani!

Sannan aka shiga gyaran masunta. Sabon filawud a gindi, an shafe shi da gam ta ko'ina, kowane ramin noti an toshe. An cire kujerar tsakiya don a sami filin tara kalli da jefa birgi. An gina akwatin ƙanƙara a jikin jirgin, saboda giwan ruwa da karfasa su isa kasuwa ba su sauya ba. Wani ƙaramin akwatin ruwa kuma na tarwaɗa, ta iso gaɓa da ranta tana motsi. Fitila mai batir a goshi don fitar asuba.

Sai na ga yana cusa soso ƙarƙashin kujeru, irin wanda ba ya shan ruwa, yana rufewa da faiba. Na tambaya. Amsar ta girgiza ni: faiba ta fi ruwa nauyi! Kwalekwalen katako ko ya kife yakan taso, a sami abin kamawa. Na faiba in ya cika, ga inji a bayansa, ƙasa zai yi. Soson nan shi ne rai.

Ranar sakawa a ruwa, yara sun cika gaɓa. Shuɗin fenti sai walƙiya yake. Aka ɗaura Yamaha mai doki 15, aka ja igiya, ya kama! Muka keta ruwan nan mai faɗi da ya taru tun da aka gama madatsar Kainji a 1968. Iska na dukan fuskata, ni kuwa idona na kan wurin ɓular nan. Na sa tafin hannu. A bushe! A bushe ƙayau!

Don Allah, mai tsohon jirgin faiba a bayan gida, kada ka bar wa kaji. Kira mai gyara ya ƙwanƙwasa. In ya tashi kuma, a sa soso, a sa rigar kariya, a daina lodi fiye da kima. Mutanen wannan ruwa ba su manta da rayukan da aka rasa a haɗarin jirgin ruwa kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba.