Kafin ka ce ka samu araha, tambayi inda ta fito

 

Duk ranar da muka buɗe layi a rediyo kan tsadar rayuwa, magana guda ce take dawowa daga bakin maza da mata: "Kuɗi ba su da albarka yanzu." Mutum ya fita da jika 5, ya dawo da leda guda, ya tsaya yana lalube aljihu ko wani abu ya faɗi. Kowa ya san ta inda abin ya ƙara tsananta. Tun ƙarshen Yuli 2023 da CEDEAO ta sa mana takunkumi aka rufe iyakoki, kayan da muka saba samu ta Kwatano suka koma bin doguwar hanya ta Lome da Burkina. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, amma shi farashi in ya hau, saukowa wuya take masa. Wannan ba a hannunmu yake ba. Abin da nake so mu tattauna yau shi ne ɗan abin da ya rage a hannunmu, wato yadda muke zaɓe in mun shiga kasuwa.

Na taso gidan da ake saida hatsi da tiya, kuma abin da na riƙe daga bakin gwaggona shi ne, babu arahar da ba ta da dalili. In ta ga kaya sun faɗi ƙasa da na kowa, ba ta murna tukuna, sai ta ce: "To, mi anka rage?" Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ɗan kasuwa bai bar gidansa da asuba don ya yi asara ba. In ya sakar maka kaya da sauƙi, ko dai shi ma da sauƙi ya same su, ko kuma akwai abin da aka cire daga cikinsu. Aikin mai saye shi ne ya gane wacce ce a gabansa.

Akwai araha mai kyau, kuma ita ya kamata mu riƙa nema.

Ta farko ita ce ta lokaci. Hatsi da wake suna sauka da kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, su kama hawa daga bazara har tsakiyar damina, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa. Tumatir da kabeji da salati suna cika kasuwa da sanyi. Albasar Galmi in an yi girbi wajen Maris da Afrilu har rasa wurin ajiya ake, in damina ta yi nisa kuwa sai ka sayi ƙwaya 3 da kuɗin da a da ke cika maka roba. Iyayenmu mata da suke yanka tumatir su shanya kauɗa, su daka gabu su ajiye, lissafi suke yi, ko da ba su shiga lakwal ba. Kuma farashin hatsi da SIMA take tattarowa daga kasuwanni ana bayar da shi, mu ma mukan karanta. Saurarensa kafin a fita yana hana a taya maka abin da babu shi.

Ta biyu ita ce ta yawa. Wanda ya sayi buhu ya fi wanda ke sayen tiya samun sauƙi, mai tiya ya fi mai ƙulli. Ta uku ita ce ta wuri: kasuwar ƙauye, ko ƙetare iyaka Jibiya in naira ta faɗi a kan sefa. Sai dai nan a yi hattara da lissafi. In ka biya kabu-kabu zuwa da dawowa, ka bar aikinka na wuni, don ka rage dala 40 a kan kaya, ba ka rage komai ba.

Sai araha ta biyu, wadda ake yanko ta daga jikin kayan. Mafi tsufa a cikinta ita ce ta awo. Tiya cikakkiya tana ɗaukar wajen kilo 2 da rabi na hatsi, shi ya sa ake lissafa tiya 40 a buhun kilo 100. Mu ɗauka an bubbuge gindin kwanon har ya rage giram 100 kacal. A ido ba ka gani. Amma a tiya 40, kilo 4 ke nan suka tafi, fiye da tiya ɗaya da rabi, abincin wuni na gida guda. Mai irin wannan kwanon yana iya rage maka dala 5 yana dariya, ka tafi kana sa masa albarka. Haka buhun shinkafa da aka buɗe aka ɗiba aka sake ɗinkewa, haka man gyaɗa da aka yi wa algus da wani mai, haka garin yaji da aka ƙara wa abin da ba yaji ba.

Akwai kuma kayan gwangwani da madara da biskit da ake zubewa a baro ana kiran "a zo a kwasa". Sau da yawa dalilin yana rubuce a gindin gwangwanin: kwanan wata ya wuce, ko ya kusa. In ba ka iya karatu ba, miƙa wa ɗan lakwal na kusa ya duba maka, ba abin kunya ba ne. Gwangwanin da ya kumbura kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar shi.

Inda na fi jin tsoro shi ne magani. Ƙwayoyin da ake yawo da su a tire cikin ranar Afrilu, babu wanda ya san inda suka fito, kuma zafi kaɗai ya isa ya lalata su. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, wajen magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci. Maganin masassarar cizon sauro da ba ya aiki, yaro ake ba, a koma a kwanta ana zaton an yi magani, ciwon kuwa yana ci gaba. Alhali a nan ma akwai araha mai kyau: maganin da ake kira jenerik, na gidan likita da farmasi. Sinadarinsa guda ne da mai babban suna, kuɗinsa ya fi sauƙi. In an rubuta maka ordonans, ka tambaya ko akwai jenerik ɗinsa. Haƙƙinka ne.

Ga kayan da ake so su daɗe, ni lissafina na kwanaki ne, ba na ranar saye ba. Mu ɗauki takalmi a misali. Na roba jika 1 da rabi, in wata 3 yake yi, a shekara ka kashe jika 6. Na fata ɗinkin dukawanmu, a ce jika 5, in ya yi shekara 2, ya zama jika 2 da rabi a shekara, kuma in ya tsinke baduku yana nan ya gyara. Wanne ne mai tsadar? Abin ma da ke ba ni mamaki, jar akuyar Maraɗi fatarta ta yi suna har Turai, ana ɗibarta ana fita da ita, mu kuma masu akuyar muna canjin silifa sau 4 a shekara. Haka sharjar waya ta dala 100 da ke kashe batirin wayar jika 40. Araha ba ta ado, in ji Bahaushe, wani lokaci ma ba ta barin abin da ta tarar.

Na san abin da wasu za su rubuto mani, don an sha faɗa mani a layi: "Malam, kai mai albashi ne. Mu da sai mun fita mu samo na yau, ina muka ga kuɗin buhu?" Wannan gaskiya ce, kuma ita ce mafi ɗaci a zancen. Talaka shi ya fi kowa sayen kaya da tsada, don ƙulli-ƙulli yake saye: sukari na dala 10, mai na dala 20, kullum a farashin da ya fi na kowa hawa. Ba rashin wayo ba ne, rashin jari ne. Amma abin da mutum ɗaya bai iya ba, mutum 4 suna iyawa. Mun iya watanda in za a yanka sa da salla, mun iya adashe in biki ya taso. Me zai hana maƙwabta su haɗa kuɗi su sayi buhun masara ko jarkar mai su raba? Me zai hana kwasar adashe guda ta faɗo daidai da kaka, a sayi hatsi a ajiye? Kuma in OPVN ta fito da hatsi mai rangwame lokacin tsanani, a sanar da juna da wuri, kada labari ya tsaya ga masu dogon hannu.

Kada kuma a ɗauka cewa nake yi duk mai tsada shi ne mai kyau. Atamfa nawa ake liƙa wa tambarin Holan alhali ko hanyar can ba ta bi ba? Tsada ma ana yin jabunta. Kuma akwai inda araha ita ce daidai. Yaron da ke girma kowane wata, rigar bosho mai kyau ta ishe shi, wani lokaci ma ta fi sabuwar ƙarko. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima: taɓa yadi, juya ɗinki, shinshina mai, zuba hatsi a tafin hannu ka ga tsakuwa. Kuma in ka samu ɗan kasuwa mai cika awo, riƙe shi ko da ya ɗara na kusa da shi da dala 5. Shi ne wanda in kaya suka ɓaci za ka koma ka same shi a wurinsa, mai baro kuwa gobe yana wata unguwa.

Abu na ƙarshe, game da ciniki kansa. Taya da "albarka" al'adarmu ce, ba laifi. Amma na lura da wani hali namu. Mu shiga babban kanti mai sanyi, a buga mana farashi a na'ura, mu biya ba gardama. Mu fito mu tarar da tsohuwar da ta taso daga ƙauye tun asuba da kwaryar zogale ko daddawa a ka, mu tsaya muna ja da ita kan dala 5, ta sallama don rana ta yi kuma tana son kuɗin mota, mu ce ta yi mana gyara. Ita ma wannan araha ce mai dalili, sai dai daga guminta aka yanko ta. In za a nuna iya ciniki, a nuna shi inda riba take da kauri.

To jama'a, ku ma ku ba mu naku. A garinku nawa tiyar hatsi take wannan mako? Akwai unguwar da ke haɗa kuɗi a sayi buhu a raba, yaya kuke tsara abin? Ku rubuto a ƙasa, za mu karanta wasu a shirinmu in Allah ya kai mu. Allah ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, ya ba mu damina mai kyau.