Sannu a Kan Dutsen Kenya

Ya kai ɗalibi, ina kyautata zaton kalmar farko da ka koya a Hausa ita ce "sannu". Ka fara sanin ta a gaisuwa: sannu da zuwa, sannu da aiki, sannu da hutawa. Daga baya ka ji ana faɗin ta ga wanda ya yi tuntuɓe, ko wanda yake kwance ba lafiya. Can kuma aka ce maka "tafi sannu sannu", wato kada ka yi sauri. Ɗalibaina sukan tambaye ni abin da ya haɗa jaje da rashin sauri, har kalma ɗaya ta ɗauke su duka. Amsar da nake ba su yanzu na samo ta ne a ƙasar Kenya, ranar da ni da maigidana muka yini cikin ruwan sama a jikin dutse, muna neman ganin kogin ƙanƙara.

Bari in fara gaya maka abin da ake nufi da kogin ƙanƙara. A unguwarmu ta Durumi, a Abuja, ƙanƙara abar saye ce. Ana kawo ta a buhu, a farfasa, a sanyaya zoɓo da kunun aya. Wani lokaci kuma takan zubo tare da ruwan farkon damina, yara su fita suna tsinta. Amma a kan duwatsu masu tsawo ƙwarai, sanyi yakan hana dusar ƙanƙara narkewa. Ta bana ta hau kan ta bara, nauyi ya danne ta ƙasa har ta daskare ta yi tauri. Idan ta yi kauri sosai sai ta fara gangarowa kamar kogi, sai dai ido ba ya ganin tafiyarta.

Dutsen Kenya shi ne na biyu a tsawo a Afirka, bayan Kilimanjaro. Ƙololuwarsa, wadda ake kira Batian, ta kai mita 5,199. Tsakaninsa da layin Ikwaita bai kai kilomita 20 ba, amma akwai ƙanƙara a kansa rani da damina. Lokacin da wani Bajamushe mai suna Krapf ya hango ta a 1849 ya kai labari, masana a Turai ƙaryata shi suka yi. Ban ga laifinsu sosai ba, domin maƙwabciyata ma dariya ta yi mini.

Taron malaman harsuna ne ya kai ni Nairobi a hutun watan Afrilu, maigida kuma ya raka ni. Afrilu tsakiyar damina ce a can. Muka ɗauki jagora da 'yan dako biyu a garin Naro Moru, muka kwana a masauki na farko, a tsawon mita 3,050. Ka lura da wannan adadi: Chappal Waddi da ke Jihar Taraba, dutse mafi tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Tun ba mu fara tafiya ba mun riga mun wuce kan ƙasarmu gaba ɗaya. Shirinmu shi ne mu isa sansanin Mackinder, a wajen mita 4,200, mu ɗan runtsa, sannan mu tashi cikin dare mu hau ƙololuwar Lenana, wadda take gefen kogin ƙanƙara na Lewis.

Da yayyafi muka fita. Kafin mu bar kurmi ya koma marka, irin ruwan da ba ya tsawa, ba ya iska, ba ya kuma niyyar ɗaukewa. Bayan kurmin akwai wata fadama. Fadamar da ka sani a kwance take. Wannan a jingine take da gangaren dutse, sai an hau ta kamar tsani. Babu hanya sai tushiyoyin ciyawa, kowane kamar turmin da aka kife. Idan ka taka daidai, ka tsira. Idan ƙafarka ta goce, ka nutse cikin baƙin taɓo har ƙwauri, wani lokaci har gwiwa. Ruwa ya shiga takalmi, ya bi ta wuyan rigar ruwa, ya sami baya. A kowace mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6, saboda haka jiƙar da take wasa ce a Durumi, a can tana iya kisa.

Maigidana mutum ne mai sauri. Shekara goma sha takwas muna tare, kullum yana gaba ina biye, ko kasuwa za mu. Haka ya fara a ranar. Jagoranmu ya riƙa kiransa yana cewa, "Pole pole." Da na tambaya, ya ce a harshen Suwahili ma'anarsa a tafi a hankali. Jim kaɗan santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas cikin taɓo. Ɗaya daga cikin 'yan dakon ya miƙo mini sanda ya ce, "Pole, mama." Na tsaya ina kallonsa, ruwa yana zuba a fuskata. Kalma ɗaya ga wanda ya faɗi, a maimaita ta ga mai gaggawa: daidai da sannu da sannu sannu. Hausa da Suwahili ba dangi ɗaya ba ne, kuma dubban kilomitoci ne tsakaninsu, amma ga shi sun bi hanya ɗaya.

Wajen azahar sai tafiyar ta juya. A mita 4,000, iskar da mutum yake samu a kowane numfashi wajen kashi 60 cikin ɗari ce ta wadda yake samu a bakin teku. Wasu jikinsu yana sabawa da wuri, wasu kuwa kai ya yi ciwo, zuciya ta tashi, jiri ya kama su. Ciwon ba ya duba ƙarfi ko shekaru, kuma yana saurin kama wanda ya hau da gaggawa. Na ga maigida ya daina magana. Yakan yi taki goma ya tsaya, ya dafa gwiwa. A karo na farko a zamanmu na sami kaina a gabansa.

"Sannu, Maigida," na ce.

"Yauwa, Malama. Ki ci gaba, ina zuwa."

Ban ci gaba ba. A nan na fahimci cewa ba a yi wa mutum sannu a guje. Kafin ka faɗe ta sai ka rage tafiyarka ta zo daidai da tasa. In kuwa ka faɗa kana wucewa, kowa ya san baki ne kawai. A ganina wannan ne ya haɗa ma'anonin biyu. Muka shiga kwarin Teleki kafaɗa da kafaɗa, tsakanin wasu tsirrai masu kama da kabeji a kan turke, remaye suna leƙenmu daga ƙarƙashin duwatsu. Tafiyar da aka ce mana ta awa shida ce, awa tara ta ci.

Hausawa suna cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Karin maganar yana da kyau, amma wanda ya ƙirƙire shi bai yi lissafin dutse ba. A sansani jagora ya ja ni gefe ya ce kada maigida ya ƙara hawa ko mita ɗaya. Maganin wannan ciwo sauka ne. Matsalar ita ce faɗa masa. Ya kashe kuɗin da muka daɗe muna tarawa, kuma ya san don ni aka zo. Ba zai taɓa cewa ya gaza ba, ni kuma ba zan faɗa masa haka a gaban baƙi ba.

Dab da magariba hazo ya ɗan yaye. Ƙololuwar dutsen ta bayyana, baƙa ƙirin, a damanta kuma ga kogin Lewis. Ƙarami ne, ya yi fari-fari da dauɗa, kamar zanen da aka shanya a kan dutse aka manta. Ƙasa da shi akwai fili mai faɗi na tsakuwa zalla, inda ƙanƙara take a da. Masu bincike sun auna cewa tsakanin 1934 da 2010 ya rasa kusan kashi 90 cikin ɗari na yawan ƙanƙararsa. Bai fi minti biyar muna kallo ba, hazo ya sake rufewa.

"Maigida, ni dai na ga abin da na zo gani," na ce. "Gobe mu sauka."

Ya yi shiru, yana riƙe da kofin shayi da hannu biyu. Can ya ce, "To, Malama, tun da kin ce haka."

Bai yi barci sosai ba a daren, ni ma haka, ina sauraren numfashinsa. Da ƙarfe uku muka ji wasu matafiya suna ɗaura takalma za su Lenana, hasken tocilansu yana wucewa ta taga. Gari na wayewa muka kama hanyar gangara. Kafin mu fita daga fadamar ciwon kan ya sake shi, da muka shiga kurmi har ya tambayi jagora ko akwai sauran burodi.