Kallon Baƙo: Daga Guangzhou Zuwa Wunti

Samarin Bauchi sun samu abin kallo a waya cikin watan Maris na 2025. Wani yaro Ba'amurke, baƙar fata, mai suna IShowSpeed a intanet, ya je ƙasar Sin. Ya zaga Shanghai da Beijing da Chengdu da Chongqing, har ya leƙa Shaolin wurin masu kungfu. Duk inda ya sa ƙafa sai jama'a su yi dafifi. Ana ihu, ana ɗaukar hoto, ana miƙa masa abinci. Ofishin jakadancin Sin da ke Washington ma ya yaba. A teburin mai shayi na Gwallameji an yanke hukunci tun indomi ba ta dahu ba: 'yan Chana suna son Amurkawa.

Ni dai, maƙwabci, ban yi saurin yarda ba. Taro ba shaida ba ne. Mai wasa da kura ma yana tara mutane a bakin kasuwa, amma ban taɓa jin an gayyaci kurar cin tuwon dare ba.

Ka duba lokacin. Yaron bai gama kwance jaka ba, a watan Afrilu, Trump ya kai harajin kayan Sin kashi 145 cikin ɗari. Beijing ta rama da kashi 125. Manya suna hararar juna a talabijin, a titi kuwa ana layin hoto da yaron nan ɗan Ohio.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinsu. A watan Afrilu na 1971 aka gayyaci 'yan wasan ƙwallon tebur na Amurka zuwa Beijing, Firaminista Zhou Enlai da kansa ya karɓe su. Nixon ya biyo baya a Fabrairun 1972. Sai a 1979 ƙasashen biyu suka ƙulla cikakkiyar hulɗar jakadanci. Mu kuwa Nijeriya mun ƙulla tamu tun Fabrairun 1971. Mun riga Amurka sallama a ƙofar gidan da shekara takwas.

Talakan Sin, in ya samu Ba'amurke a gabansa, tambayarsa irin tamu ce. An ga haka a Janairun 2025, lokacin da aka yi barazanar rufe TikTok a Amurka, Amurkawa suka kwarara zuwa manhajar Sinawa ta RedNote. Masu gida ba su tsaya kan zancen Taiwan ba. Nawa ne albashinka? Nawa kake biyan haya? Da gaske ne motar asibiti ma sai an biya ta kuɗi mai yawa? 'Yan makaranta suka riƙa turo aikin gida na Turanci a taya su. Wasu kuma suka ce kuɗin shiga shi ne baƙo ya nuna hoton kyanwarsa.

Gwamnati tana da nata lissafin. A Nuwamban 2023, a San Francisco, Xi Jinping ya ce yana son matasan Amurka 50,000 su je Sin cikin shekara biyar. A Disamban 2024 aka ba matafiya na ƙasashe 54 damar yada zango na awa 240 ba tare da biza ba. Kwana goma ke nan. Amurka tana cikin jerin. Nijeriya ba ta ciki.

Nan ne nake so ka gyara zama. Ka san Alhajin da ke da shago a Wunti ko Santiral, wanda ke zuwa saro kaya. Kafin ya ga jirgi sai ya ga Abuja. Takardar gayyata, bayanin asusun banki, hoto mai farin bango, jira. Ya bi ta Addis Ababa, ya sauka Guangzhou, ya nufi unguwar Xiaobei inda zai samu masallaci kusa da abincin halal. Ba yawon buɗe ido ya je ba. Ya je da dala a ɗamara, zai cika kwantena da takalma da fitilar sola da cajar waya. Ma'aikatan wata masana'anta za su ci abinci da kuɗinsa. Babu mai yi masa ihu a titi. 'Yar shago dai za ta kira shi aboki, ta miƙo masa kalkuleta.

A watan Afrilu na 2020, cikin tsoron korona, an fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal a wannan birni. Wasu sun kwana a bakin titi da jakunkunansu. Femi Gbajabiamila, Kakakin Majalisar Wakilai a lokacin, ya kira jakadan Sin Zhou Pingjian ya nuna masa bidiyon. Wani reshen McDonald's ya liƙa sanarwar hana baƙar fata shiga, daga baya kamfanin ya nemi afuwa. Kada ka ce fasfo ne kaɗai ke magana, domin ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke can ya gargaɗi baƙaƙen Amurkawa su ma su ƙaurace wa birnin. Shekara biyar tsakanin wannan da dafifin Shanghai. Fatar ɗaya ce. Na biyun ya zo da kyamara da mabiya miliyoyi.

Kafin mu ɗaga murya, mu leƙa namu zauren.

Bature ya sauko daga mota a Ƙofar Wunti, ka ga yadda gari ke canzawa. Yara suna bin sa suna kiran sunan da suka sani. Mai kilishi ya gyara hula, farashi ya gyara kansa. Babu mai tambaya ko daga Amurka yake ko Jamus. Turawan Ostiriya da suka yi aiki a kamfanin Steyr ma duk da suna ɗaya muka kira su har suka tafi. An ɗauka yana da dala, yana da hanyar biza, kuma ya san wani a ƙungiyar agaji. Wanda bai amsa gaisuwarka ba tun azumi, shi ne zai ɗauko masa kujera.

Yawanci ma wucewa yake. Ya kwana ɗaya, ya ziyarci kabarin Tafawa Balewa, ya bi hanyar Gombe, ya karya a Dindima zuwa Yankari. Can zai yi wanka a Wikki, ruwan da ɗuminsa ba ya barin digiri 31 rani da damina. Biran wurin ne ba su san wannan tsari namu ba. Burodin Bature da na ɗan Alkaleri duk fizga ɗaya ce.

Ɗan Chana kuma wani kallo muke masa. Ba a ɗauke shi ɗan yawo ba, ma'aikaci ne. Ana ganinsa a bakin aiki da malafa da sigari, rana ta dafa masa wuya. Yara suna kwaikwayon harshensa da surutun da ba harshen kowa ba. Manya suna cewa kayansu ba ƙarko. Mai faɗin haka Tecno ce a aljihunsa, itel a hannun uwargida, Jincheng a ƙofar gida. In ana son yabon mota sai a ce 'yar Amurka ce, ko da ta sha karo a can kafin a ɗoro ta a jirgin ruwa.

Akwai baƙon da ba ya cikin lissafin kowa. Buzun da ke gadi a layinku daga Nijar ya zo, ya tsallako iyakar ƙasa kamar kowane ɗan waje. Ya fi Baturen Yankari daɗewa a garin nan nesa ba kusa ba. Ya san wanda ke dawowa gida bayan sha biyun dare, bai taɓa faɗa ba. Jiya na tambayi mutum uku a layin sunansa na yanka. Biyu suka ce Buzu. Na ukun ya ce Maigadi.