Godiya Ga Kawuna Na Zongon Sokode

Kawu, ina sanar da kai cewa takardar ɗauka ta fito. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karɓe ni, kuma aji biyu zan shiga kai tsaye.

Da ba don kai ba, da yanzu ina haddar tambayoyin JAMB don fara aji ɗaya. Lokacin da na ci BAC 2, jarrabawar gama lise ta Togo, a Dapaong, kowa a gida ya ɗauka daidai take da takardar gama sakandare ta Nijeriya. Kai ka zaunar da Baba a zaure, ka ɗauki tsinke kana zana lissafin a ƙasa: firamare 6, kolej 4, lise 3, shekara 13 ke nan a Togo, alhali a can 12 ce. Ka ce shekarar nan da ta yi saura ba ta faɗi banza ba, domin karatun ajin terminal, na ƙarshe a lise, ya kama ƙafar IJMB, jarrabawar share fage da ake shiga aji biyu da ita.

Sannan ka ja kunnena cewa jami'a ba sunan takarda kaɗai take dubawa ba. Sashen da nake nema zai bi darussa ɗaya bayan ɗaya, ya ga ko lissafi da kimiyyar da na yi a sashen D na lise sun isa. Ka ce ko a Amurka, inda ɗan sakandare ke ɗaukar darasin jami'a tun bai gama ba, jami'ar da zai shiga ce ke yanke abin da za ta ƙirga masa.

Ban manta ranar da ka hau mota daga Sokode, ka bi ta Kara da Mango, ka iso mana bayan magariba ƙafa a kumbure ba. Ka sa Inna ta buɗe tsohuwar adaka, muka tsamo takardun sakamakona na kowane zango, har da wadda manja ya ɓata wa gefe. Da kuɗin goronka aka fassara su zuwa Ingilishi aka buga musu hatimi.

Yaba kyauta tukuici, Kawu, amma nawa tukuicin addu'a ce. Allah ya ƙara maka lafiya, ya albarkaci rumfarka, ya ba 'ya'yanka mai tsaya musu. Ƙanena yana ajin BEPC, na ƙarshe a kolej, bana, na riga na saya masa jakar ajiye takardu.

'Yarka, daga Dapaong.