Kwana Biyar Maimakon Ashirin da Ɗaya

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu lokacin da ɗaya daga cikin amintattunmu ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ƙungiyar tana da rajista da hukumar CAC, don haka ba a maye gurbinsa sai da ƙudurin babban taro. Babbar sallah ta ƙarato, 'yan gari suna ta dawowa gida, na ce ga dama ta samu. Saura kwana 5 na tura saƙo a WhatsApp: taron gari washegarin sallah, a ƙofar fada, bayan la'asar. Liman ya yi shela ranar Juma'a. Abin da za a tattauna kuwa ban faɗa ba, don a ganina kowa ya sani.

Aka cika maƙil, aka zaɓi sabon amintacce, aka shafa fatiha.

Bayan kwana biyu tsohon hedimastanmu ya yi mini sallama, riƙe da kundin tsarin mulkin ƙungiya wanda takardunsa suka yi ja don tsufa. Ya zauna a tabarma, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi.

"Ɗana, karanta mini nan, idona ya yi rauni."

Na ɗaga murya ina karantawa: sanarwa a rubuce ga kowane mamba, kwana 21 kafin taro, da wuri da lokaci da abin da za a yanke. Ban kai ƙarshen layin ba muryata ta sarƙe. Ni na buga wannan kundi da hannuna. Har na tuna ranar da lauya ya ce mu sa kwana 21, daidai da abin da dokar CAMA ta 2020 ta gindaya wa kamfanoni.

"Baba, ai jama'a sun zo."

"Waɗanda suka ji ne suka zo. Ni ba ni da irin wayar nan, ranar Juma'a kuma ina kwance. Matan da suka fi mu biyan kuɗin wata fa, wa ya gaya musu?"

Na sunkuyar da kai. Da mantuwa ce da na sami abin faɗa, amma ina sane da ƙa'idar, raina ta na yi. Na ƙirga waɗanda za su cika mini wuri, ban ƙirga masu haƙƙi ba. Ga shi in aka buga sauyin a jarida, akwai kwana 28 na ƙorafi, kuma duk wanda ya ƙalubalance mu yana da gaskiya.

Aka soke zaɓen. Da ƙafata na je gidan wanda aka zaɓa na gaya masa, 'yan taya murna suna zaune a zaurensa.